Gundumar Bomst: Yadda Ofisoshin Gwamnati Suka Raba Maƙwabta

A shekarar 1904 wani manomi ɗan Polan mai suna Michał Drzymała ya sayi ɗan fili a ƙauyen Podgradowice, kusa da garin Rakwitz, a gundumar Bomst ta ƙasar Prusiya. Ya biya kuɗi, aka ba shi takarda, fili ya zama nasa. Da ya nemi izinin gina gida sai hukuma ta hana shi. A shekarar ne aka yi wa dokar zaunar da jama'a gyara, aka ce ba mai kafa sabon mazauni a lardunan gabas sai ya samo shaidar cewa gininsa bai saɓa wa manufar gwamnati ba, manufar kuwa ita ce ƙara yawan Jamusawa a yankin. Drzymała ya sayi tsohuwar karusa mai ɗaki, irin ta masu yawon wasa gari-gari, ya girke ta a filinsa, ya tare da iyalinsa. Hukuma ta ce abin hawan da ya wuce kwana guda a wuri ɗaya ya zama gida. Shi kuma kullum sai ya ɗan gusa da ita.

An kwashe shekaru ana wannan ja-in-ja. An ci shi tara, an tsare shi, an ce murhun da ke cikin karusar ya saɓa wa dokar kashe gobara. Jaridun Turai suka ɗauki labarin, 'yan Polan suka yi karo-karo suka saya masa sabuwar karusa, amma daga ƙarshe hukuma ce ta yi rinjaye, ya sayar da filin ya tashi. A yau sunansa ƙauyen ke amsawa, Drzymałowo.

Abin lura a labarin shi ne ba soja aka turo wa Drzymała ba. Takardar izinin gini aka hana shi. Wanda ya bi tarihin wannan gunduma daga kafuwarta zuwa rushewarta zai ga cewa mafi yawan gwagwarmayar da aka yi tsakanin gwamnati da jama'a a kan wane ne Bajamushe, wane ne ɗan Polan, a ofis aka yi ta: a kan wanda zai naɗa shugaban gunduma, harshen da za a rubuta takardar ƙara da shi, sunan da za a kafa a bakin ƙauye.

Yankin yana yammacin birnin Poznań, wanda Jamusawa ke kira Posen, a ƙasar fadamu da tafkuna da dazukan da kogin Obra ya ratsa. Ƙarnuka da dama yana ƙarƙashin sarautar Polan, dab da iyakar Silesiya da Brandenburg, don haka tun asali wurin cuɗanya ne. Tun ƙarni na 13 akwai gidan 'yan zuhudu na ɗariƙar Sistasiya a ƙauyen Obra. Lokacin yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, Furotesta masu jin Jamusanci suka yi ta gudowa daga Silesiya, manyan masu ƙasa na Polan kuma suka karɓe su hannu bibbiyu, saboda cikinsu akwai masaƙa da masu sana'o'in hannu da za su raya garuruwa. Haka Rakwitz ta bunƙasa, haka aka kafa Unruhstadt, wadda 'yan Polan ke kira Kargowa. Daga baya wasu manoma Jamusawa suka zo bisa yarjejeniyar haya, suka sare daji suka janye ruwan fadama. Yahudawa na da unguwanninsu da wuraren ibadarsu a garuruwan. Gayyato waɗannan mutane aka yi, ba da yaƙi suka shigo ba. Ko addini bai raba jama'ar gida biyu cif ba, domin akwai ƙauyukan Jamusawa 'yan Katolika da ke bin limaman coci ɗaya da 'yan Polan.

Garin Babimost, wato Bomst a bakin Jamusawa, shi ne mazaunin wakilin sarkin Polan a yankin. Ɗaya daga cikin waɗannan wakilai, Krzysztof Żegocki, ya yi suna wajen yaƙin sari-ka-noƙe da sojojin Suwidin a 1655 da 1656, abin da ya jawo aka ƙone garin.

A 1793 Prusiya da Rasha suka sake yanka ƙasar Polan karo na biyu, yankin ya faɗa hannun Prusiya, cikin sabon lardin da aka kira Prusiya ta Kudu. A nan aka fara jin sunan gundumar Bomst. Wannan mulki bai yi tsawon rai ba. Napoliyon ya murƙushe Prusiya a 1806, kuma yarjejeniyar Tilsit ta 1807 ta mayar da yankin cikin sabuwar ƙasar da aka kafa da hedikwata a Warso, inda aka shigo da kundin dokokin Faransa. Bayan faɗuwar Napoliyon, taron Viyana na 1815 ya sake miƙa shi ga Prusiya. Wanda aka haifa a garin Wolsztyn na yankin a 1790, kafin ya kai shekara 26 ya ga gwamnati huɗu bai bar unguwarsu ba.

Farkon dawowar Prusiya da sassauci aka yi shi. Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya yi shela a watan Mayun 1815 cewa za a mutunta addinin jama'a, kuma harshen Polan zai yi aiki tare da Jamusanci a harkokin hukuma. Aka naɗa basarake ɗan Polan, Antoni Radziwiłł, wakilin sarki a Posen. A 1818 aka daidaita iyakokin gundumomi, Bomst ta samu siffar da ta riƙe har shekara ɗari: ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita dubu ɗaya da 'yan kai, da ƙananan garuruwa irin su Bomst, Unruhstadt, Kopnitz, Rakwitz da Wollstein. Suna na Bomst ne, amma ofis yana Wollstein, wato Wolsztyn, wadda ta fi zama a tsakiya.

Shugaban gunduma, wanda ake kira Landrat, shi ne ginshiƙin mulkin Prusiya a karkara. Mai karatu da ya ji labarin Di'o na zamanin Turawa zai gane irin ikonsa: haraji, hanyoyi, 'yan sanda, ɗaukar samari aikin soja, duk ta hannunsa suke bi. Bambancin shi ne a al'adar Prusiya manyan masu gonaki na gunduma su ne ke gabatar da sunayen waɗanda sarki zai zaɓa daga ciki. A lardin Posen mafi yawan waɗannan masu gonaki 'yan Polan ne, ke nan kujerar na iya faɗawa hannunsu.

Nan aka fara toshe ƙofa. Bayan tawayen 1830 a ɓangaren Polan da ke hannun Rasha, Barlin ta tsorata. Aka sauke Radziwiłł, aka ba Eduard Flottwell ragamar lardin, ya riƙe har 1841. A zamaninsa aka ƙwace wa masu gonaki damar gabatar da Landrat, gwamnati ta koma naɗawa kai tsaye. A 1836 aka ƙirƙiro wani muƙami da ya zama tambarin lardin Posen, kwamishinan yanki, jami'in gwamnati mai ikon 'yan sanda da aka ɗora a kan rukunin ƙauyuka, galibi tsohon soja. Gidajen 'yan zuhudu, har da na Obra, aka rufe su aka karɓe dukiyarsu. Ko a 1872, da Prusiya ta yi sabuwar dokar gundumomi wadda ta ba majalisun ƙananan hukumomi ƙarin iko a lardunan gabas, an tsame Posen daga ciki, don gudun kada majalisun su koma hannun 'yan Polan. Jamusawan Bomst ma wannan tauyewa ta shafe su, domin da su da maƙwabtansu aka hana 'yancin da mutanen Brandenburg ke mora a ƙetaren iyakar lardi.

A 1848, shekarar juyin juya hali a Turai, an gwada wani abu da ya nuna inda aka dosa. Aka ja layi a taswirar lardin, aka ce yammacinsa, har da Bomst, na Jamus ne, gabashinsa kuma za a bar wa 'yan Polan su tsara shi. An yi ta matsar da layin gabas, yankin 'yan Polan na ƙanƙancewa, har aka watsar da shirin a 1851. Layin bai tabbata ba, amma tunanin cewa ana iya raba mutanen nan da alƙalami ya riga ya shiga kai.

Zalunci ne a ce aikin gunduma duk danniya ne. A 1872 aka naɗa wani matashin likita mai suna Robert Koch likitan gundumar Bomst, da mazauni a Wollstein. Aikinsa na yau da kullum shi ne rigakafin agana, sa ido kan annoba, rubuta rahoto ga kotu, da duba marasa lafiya na kowane harshe. Yankin na fama da cutar saifa mai kashe tumaki da shanu, wadda likitoci ke kira antaraks, tana kuma kama mutane. A wani ɓangare na ɗakin duba marasa lafiyarsa Koch ya yi ta gwaji da ɓeraye da madubin ƙara girma, yana renon ƙwayar cutar a cikin ruwan idon saniya, har ya gano cewa takan rikiɗe ta zama ƙwaya mai taurin rai da ke daɗewa a ƙasa tana jiran dabba. A 1876 ya kai sakamakonsa ga Farfesa Ferdinand Cohn a Breslau, aka buga shi, kuma daga nan ilimin ƙwayoyin cuta na zamani ya samu gindin zama. Ya bar Wollstein zuwa Barlin a 1880, ya karɓi kyautar Nobel a 1905. Gidan da ya zauna yanzu gidan tarihi ne, 'yan Polan ke kula da shi. A ƙarnin nan ne kuma aka haƙa magudanan da suka mayar da fadamar Obra gonaki da makiyaya, aka shimfiɗa layin dogo, dokar 1823 kuma ta buɗe wa manoma da dama hanyar mallakar gonakin da suke noma wa iyayengiji. Hans Wilhelm von Unruhe-Bomst, ɗan gidan masu ƙasa na yankin, ya daɗe a kujerar Landrat, ya kuma wakilci mazaɓar yankin a majalisar dokokin Jamus.

Sai dai a shekarun da Koch ke leƙen madubinsa ne gwamnatin Bismarck ta ƙara matsa lamba. Bayan haɗewar Jamus a 1871, aka mayar da Jamusanci harshen koyarwa a makarantun firamare na lardin a 1873. A 1874 aka ɗaure babban limamin Katolika na Posen, Mieczysław Ledóchowski, aka kuma karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci aka ba ofisoshin gwamnati. A 1876 doka ta ce Jamusanci kaɗai ne harshen hukuma, har manomin da bai iya shi ba ya koma neman tafinta a ofishin gundumarsa. A 1886 aka kafa Hukumar Zaunar da Jama'a da jarin mark miliyan 100, don ta sayi manyan gonaki ta yanka wa Jamusawa. 'Yan Polan suka mayar da martani da bankunansu da ƙungiyoyin gama-kai, su ma suna saye suna yankawa, farashin ƙasa ya yi tashin gwauron zabi. Ganin kuɗi bai yi maganin abin ba ne ya sa aka koma ga hana izinin gini a 1904, sannan a 1908 aka yi dokar da ta halatta ƙwace gona da ƙarfin hukuma. Yara ma ba su tsira ba: yajin da ɗaliban garin Września suka yi a 1901 kan koyar da addini cikin harshen Jamusanci ya bazu a makarantun lardin a 1906 da 1907.

Akwai wata takarda da ba a cika ambata ba, alhali tasirinta ya fi na da yawa daga cikin dokokin nan, wato takardar ƙidayar jama'a. Daga 1890 ƙidayar Prusiya ta riƙa tambayar kowane mutum harshen uwarsa. A Bomst, mai mutum wajen dubu sittin gabanin yaƙin duniya na farko, alƙaluman sun nuna kusan raba-daidai tsakanin masu jin harshen Polan da masu jin Jamusanci. Amma a ƙasa abin ba gabas da yamma ba ne. Ƙauyen 'yan Polan na iya zama a can yamma kusa da Bomst, ƙauyen Jamusawa kuma a gabas kusa da Rakwitz, ga gidajen da ake jin harsunan biyu. Waɗannan alƙaluma, musamman na 1910, su ne aka baje a kan tebur a Paris lokacin da aka zo shata iyaka bayan yaƙin.

Kafin masu taron Paris su yanke hukunci, bindiga ta riga ta yi magana. A ranar 27 ga Disamban 1918, kwana ɗaya bayan isowar jagoran 'yan Polan Ignacy Paderewski birnin Poznań, tawaye ya ɓarke. Ranar 5 ga Janairun 1919 mayaƙan Polan suka karɓe Wolsztyn, daga baya suka shiga Kargowa da Babimost, amma kafin tsakiyar Fabrairu sojojin Jamus suka ƙwato waɗannan garuruwa biyu. Aka tsagaita wuta ranar 16 ga Fabrairu bisa yarjejeniyar Trier. Yarjejeniyar Versailles, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Yunin 1919 ta kuma fara aiki ranar 10 ga Janairun 1920, ta tsaga gundumar. Kaso mafi girma, da Wolsztyn da Rakoniewice (Rakwitz) da Kopanica (Kopnitz), ya koma Polan ya zama gundumar Wolsztyn. Guntun yamma, da Bomst da Unruhstadt, ya tsaya a Jamus. Wannan yarjejeniyar ce dai ta raba Jamus da Kamaru da Togo, har Ingila da Faransa suka kasa su tsakaninsu, don haka mutanen Adamawa da Dikwa sun san irin wannan alƙalami.

Guntun da ya rage wa Jamus ƙarami ne ƙwarai, babu hedikwatarsa ta asali, kuma hankali zai ce a haɗe shi da maƙwabciyar gunduma. Ba a yi haka ba. A 1922 Prusiya ta tattara ragowar lardunan Posen da Prusiya ta Yamma ta kafa lardin kan iyaka mai ɗauke da sunayensu biyu, da hedikwata a Schneidemühl, ta bar Bomst a matsayin gunduma a cikinsa. Riƙe sunan siyasa ce tsantsa, hanya ce ta nuna cewa Jamus ba ta haƙura da abin da ta rasa ba.

Kowane ɓangare ya wayi gari da 'yan tsiraru. A ɓangaren Jamus, ƙauyuka irin su Nowe Kramsko da Podmokle Wielkie da Podmokle Małe sun ci gaba da jin harshen Polan. Mutanensu suka shiga Ƙungiyar 'Yan Polan ta Jamus da aka kafa a 1922, kuma da Prusiya ta ba da dama a ƙarshen 1928, suka buɗe makarantunsu a 1929. A ɓangaren Polan, Jamusawa da yawa suka zaɓi zama 'yan Jamus suka yi ƙaura, ma'aikatan gwamnati a kan gaba. Waɗanda suka tsaya sun tarar sabuwar gwamnati ta koyi darasin tsohuwa. Ta nemi soke yarjejeniyoyin manoman da Hukumar Zaunar da Jama'a ta ba gonaki, har maganar ta kai kotun duniya a Hague, wadda a 1923 ta ba da ra'ayin da bai goyi bayan Polan ba. Dokar rabon gonaki ta 1925 ma ta fi cin manyan gonakin Jamusawa a yammacin ƙasar. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Drzymała ya kamata ya ji zafin wannan ma, domin manomin da aka kora daga gonarsa a 1922 bai rubuta dokar 1904 ba.

Da 'yan Nazi suka hau mulki sai abin ya wuce batun izini da rajista. A 1937 aka goge sunayen ƙauyuka masu amon harshen Polan, Neu Kramzig, wato Nowe Kramsko, ta koma Kleistdorf. Ranar 1 ga Oktoban 1938 aka rushe lardin kan iyaka, aka rushe gundumar Bomst ɗungurungum, aka raba ƙasarta tsakanin gundumar Züllichau-Schwiebus ta Brandenburg da gundumar Grünberg ta Silesiya. Shekara guda bayan haka Jamus ta mamaye Polan. Aka rufe makarantun 'yan tsiraru, aka kama malamai da shugabannin jama'a aka tura sansanonin gwale-gwale. Wolsztyn ta sake zama Wollstein, gunduma a lardin Wartheland ƙarƙashin Arthur Greiser, inda aka kasa mutane aji huɗu a jerin waɗanda aka yarda Jamusawa ne, sauran kuma aka bar su ba haƙƙi. An fitar da iyalai 'yan Polan daga gidajensu an tura su gabas, an zuba Jamusawan da aka kwaso daga ƙasashen Baltik da wasu wurare. Yahudawan yankin, waɗanda da ma ƙaura ta rage yawansu tun ƙarni na 19, ba su da sauran mazauni. Marcin Rożek, mai sassaƙa gumaka da ya zauna a Wolsztyn, ya rasu a Auschwitz a 1944.

A Janairun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso. Taron Potsdam ya matsar da iyakar Polan zuwa kogunan Oder da Neisse, ɓangarorin biyu na tsohuwar gundumar suka sake haɗuwa a ƙasa ɗaya, amma ba da mutanensu na da ba. Jamusawa, har jikokin masaƙan da aka gayyato shekara ɗari uku baya, wasu sun gudu, saura aka kore su. 'Yan Polan na kewayen Babimost, da suka riƙe harshensu duk tsawon mulkin Prusiya, sai da suka bi ta hannun kwamitocin tantancewa kafin a ba su takardar zama 'yan ƙasa. Gidajen da aka bari aka cika su da mutanen tsakiyar Polan da waɗanda aka taso daga yankunan gabas da Sobiyet ta haɗiye.

Gyare-gyaren mulki ba su tsaya ba. A 1975 Polan ta soke gundumomi baki ɗaya, Wolsztyn da Babimost suka zauna a lardi ɗaya, na Zielona Góra, wato tsohuwar Grünberg. A 1999 aka dawo da gundumomi aka rage yawan larduna zuwa 16. Wolsztyn ta sake zama hedikwatar gunduma a lardin Wielkopolska mai babban birni a Poznań, Rakoniewice ta faɗa gundumar Grodzisk, Babimost da Kargowa kuma suka shiga gundumar Zielona Góra a lardin Lubuskie. Wanda ya taso daga Wolsztyn a mota ya nufi Kargowa zai bar lardi ya shiga wani jim kaɗan bayan ya wuce Kopanica, kusan daidai inda masu gadin iyakar Polan da na Jamus suka tsaya suna duba fasfo daga 1920 zuwa 1939.